Zomayen Kejin Ƙasa

Maigidana ya yi shekara talatin da biyu yana duba sikelin mutane. Aikinsa ke nan a ofishin awo: ya shiga kasuwa da ɗan akwatin duwatsunsa na ƙarfe, ya ɗora wa mahauci ko mai hatsi kilo ɗaya a kan sikeli, idan allura ta goce ko yaya ne ya manna jar takarda ya wuce. Har sunansa ya ɓace, kowa sai Baba Sikeli. Da ya yi ritaya sikelin mutane suka ƙare masa, sai ya dawo kaina. Ya auna sukarin da nake zubawa a shayi. Ya auna sabulu kafin wanki da bayan wanki. Ranar da ya tambaye ni nauyin zaren da ke shiga riga ɗaya, na ajiye almakashi na ce ya nemi abin yi tun kafin ɗayanmu ya koma gidan iyayensa, ga shi kuma daga ni har shi marayu ne.

Ni na ba shi shawarar kiwon zomo, don haka duk abin da ya biyo baya da hannuna a ciki.

Ya sayo mata biyu da namiji ɗaya, ya shiga ƙungiyar masu kiwon zomo da ke taruwa ranar Asabar a wani ajin makarantar firamare. Daga taron farko ya dawo yana huci. Ashe musu aka yi a kan abincin 'ya'yan zomaye bayan yaye, irin na buhu ɗin nan da inji ke murzawa ya fito ƙwaya-ƙwaya kamar guntayen ashana. Iri uku ake sayarwa a shagon Dogo, wanda duk 'yan ƙungiyar ke sayayya a wurinsa: koren buhu mai tsada, jan buhu matsakaici, da farin buhu mai araha wanda ko hoton zomo ba a yi masa ba.

"Mutum ashirin, Tela!" in ji shi. Haka yake kirana in ransa ya ɓaci, haka kuma yake kirana in yana cikin nishaɗi. "Kowa sai rantsuwa yake yi nasa ya fi. Na ce wa ya taɓa ɗora zomo a sikeli? Tsit kike ji."

"Sai ka ce me?"

"Na ce su ba ni mako takwas."

Da zomayensa suka yaye 'ya'ya goma sha biyu, ya raba su gida uku, huɗu-huɗu, bayan ya auna kowanne sau uku. Yana so ya jera keji uku a ɗan filin da ke bayan kicin. To a nan igiyar shanyata take, inda nake shanya yadin mutane kafin in yanka, ga kuma wankinmu. Na ce atafau. Na ɗauko allin ɗinki na ja layi a siminti, faɗin keji ɗaya tak, na ce daga nan zuwa bango nasa ne, in ya ƙetare mu haɗu.

Bai yi musu ba. Ya ɗora kejin ɗaya a kan ɗaya, da farantin kwano a tsakani don tare kashi da fitsari. Koren buhu a sama, ja a tsakiya, fari a ƙasa. Kowane keji ya rataya masa mazubin abinci daga waje, irin mai buɗaɗɗen kai da ake zubawa ta sama, bakinsa kuma ya shiga cikin keji ta ƙasa. Wani zai rataya su ne yadda suka samu. Ban da mijina. Ya ɗauko zare a keken ɗinkina, ya ɗaura masa dutsen awo, ya yi rabin yini yana saita mazuban nan uku har suka tsaya ɗaya a kan ɗaya daidai wa daida. Ya ja da baya ya dube su yana murmushi, ya ce ko injiniya iyakarsa ke nan.

Tsarin kuwa ba ya canzawa. Ƙarfe bakwai na safe ya auna abinci ya zuba wa kowane keji daidai da na ɗan'uwansa. Bakwai da rabi ya fita zuwa shagon abokinsa mai gyaran agogo, wai kada zomaye su riƙa ganinsa hankalinsu ya rabu. Ƙarfe biyar na yamma ya dawo ya juye abin da ya rage ya auna. Ranar Lahadi a saka kowane zomo a jakar da na ɗinka masa, a rataya a sikeli, a rubuta a littafi.

A mako na biyu na ce masa, "Maigida, anya na sama ɗin nan suna ƙoshi? Na ga kamar wuyansu ya yi tsawo."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Da me kika auna?"

"Da ido."

"Ido ba mudu ba ne, Tela."

Na buɗe baki zan ƙarasa masa karin maganar, ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Washegari na tarar da takarda manne a ƙofar kicin, da rubutunsa mai kyau na ofis: BA A TAƁAWA. BA A BA DA ABINCI. BA A BA DA SHAWARA. Mu biyu ne rak a gidan, yara duk sun yi aure sun watse, don haka ban sha wahalar gane wadda ake nufi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce to shi ke nan, ko kejin ne ya kama da wuta sai dai in matsar da yadina.

Keken ɗinkina yana bakin taga, tagar kuma tana kallon kejin. A mako na uku, wata safiya da zare ya tsinke na tsaya gyara, sai na ji kar-kar-kar. Na ɗaga labule kaɗan. A kejin sama akwai wani mai baƙin kunne ɗaya, ɗan firit da shi, ya zura ƙafafunsa na gaba cikin bakin mazubi yana tono kamar wanda aka ba kwangilar rijiya. Ƙwayoyin koren buhu suna fallatsa ta cikin waya, suna faɗowa, kuma da yake mijina ya saita komai da zare, ba sa faɗawa ko'ina sai cikin buɗaɗɗen kan mazubin tsakiya. Na tsakiya kuwa sun riga sun ɗanɗana kore sun ji ya fi nasu. Su ma sai tono, suna watsar da nasu suna neman na sama, abin da suka watsar yana zubawa cikin mazubin ƙasa. Na ƙasa ko gezau. Su huɗu sun baje a gaban mazubinsu, abinci iri uku yana sauko musu, suna tauna a natse kamar masu gidan haya.

Kafin ƙarfe tara mazubin sama ya zama wayam. Lebura, don sunan da na sa wa mai baƙin kunnen ke nan, ya koma lungu ya kwanta da yunwarsa, shi da 'yan'uwansa uku.

Na yi dariya har na soke yatsa da allura. Sannan na tuna takardar ƙofa, na saki labule na ci gaba da ɗinki.

Na ɗauka zai gano da kansa. Mutumin da ya taɓa kama mai nama da ya liƙa ƙarfe a ƙarƙashin faranti? Amma ƙwayoyin duk ɗaya suke a idonsa. Ni da na shekara arba'in ina zaɓen zare ina ganin bambancin: ɗaya ya fi kore, ɗaya ya ja zuwa ruwan ƙasa, ɗaya fari-fari kamar dusa. Shi kuwa lamba kawai yake gani, lambobin kuma suna yi masa daɗi. Na sama suna cinye komai ƙarƙaf amma ba nama. Na ƙasa suna ɗan taɓawa su bar saura, amma sai kumbura suke yi. Wata rana ma ya zuba wa na ƙasa giram ɗari huɗu da safe, da yamma ya juye saura ya samu ɗari huɗu da goma. Ina tsaye a ƙofar kicin na riƙe numfashi, na ce yau kam asiri ya tonu. Ya dubi sikeli, ya dubi sama, ya shinshina iska, sannan ya rubuta a littafi: danshi.

"Farin buhu yana shan laima," in ji shi. "Dole in ambaci wannan a taro."

Na koma kicin na toshe baki da tsumma.

Da farko mugunta ce ta sa na yi shiru, ba zan ɓoye ba. Daga baya wani abu ne daban. Mutumin nan ya dawo da rai. Yana cinye abincinsa, yana busa fito a banɗaki, ya daina bin sabuluna da sikeli. Ya sayo babban kwali ya zana layuka uku masu launi, farin buhu yana hawa sama kamar tsani, kore yana jan ciki a ƙasa. Wata rana muna cin abincin rana ya ajiye cokali ya ce, "Kin san tun da na bar aiki ba wanda ya tambaye ni komai sai ƙarfe nawa? Jiya mutum uku suka tare ni a hanya suna tambayar zomaye." Ya faɗa yana dariya. Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni, don na san layin allina ne ya sa kejin suka hau kan juna.

Kullum sai in ce gobe zan faɗa masa. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa har muka shiga mako na takwas.

Ranar Laraba ya dawo da labari. Shugaban ƙungiya ya gayyato masu kiwo daga wasu unguwanni. Dogo mai shago ya ji ƙishin-ƙishin za a taɓa koren buhunsa, ya ce zai zo da kansa, har da wakilin kamfanin da ke yin abincin. Mijina ya shiga ɗaki ya fito da tsohon akwatin duwatsunsa, ya zaro wata jar takarda guda ɗaya da ta rage masa tun zamanin aiki, ya shafe ta da tafin hannu.

"A gaban kowa zan manna ta a koren buhu," in ji shi. "Shekara talatin da biyu ban taɓa manna wannan a inda ba ha'inci ba. Ko sau ɗaya. Ba mu tara komai ba, Tela, amma wannan kam mun tara."

Nan take na hango abin da zai faru. Ranar Asabar zai tsaya a gaban jama'a ya kira mutumin da bai cuce shi ba macuci, wakilin kamfani kuma ba zai ɗauki minti biyar ba zai tambayi yadda aka rataya mazubi. Abu ɗayan da ya ce mun tara, a nan zai zube. In kuma na faɗa masa da baki, na san amsar: da me kika auna?

Dama ina ɗinka masa sabuwar riga ta zuwa taron. Ranar Alhamis da safe, yana gama zuba abinci zai ɗauki hularsa, na tare ƙofa.

"Ba inda za ka sai na gwada maka rigar nan."

"Agogo yana jirana."

"Agogo ba ya jiran kowa. Zo nan."

Na saka masa rigar, hannuwa ba a haɗa ba, na tsayar da shi a bayan labule fuskarsa tana kallon taga. Na sa ya buɗe hannu biyu, na jera masa allurai tun daga hammata har ƙugu, fiye da yadda rigar ke bukata sau uku. Na ce in ya motsa ya kuka da kansa. Sannan na ɗan ja labule, na durƙusa ina gyaran ƙasan rigar da ba abin da ya same shi, ina roƙon Allah kada yau Lebura ya ɗauki hutu.

Minti biyu, uku. Yana ta mita wai hannunsa ya gaji. Sai kar-kar-kar.

Mitar ta tsaya. Ban ɗago ba, ƙafafunsa kawai nake kallo. Na ji ƙwayoyi suna faɗawa a kwano, na ji na tsakiya sun karɓa. Ya daɗe a haka hannuwa a buɗe, har na fara tsoron ko ya daina numfashi.

"Tun yaushe?" in ji shi a hankali.

"Ni dai tun mako na uku na gani."

"Mako na uku. Kika yi shiru."

"Takarda ce a ƙofa, Maigida. Ba a ba da shawara."

Na faɗa ne don in kare kaina, amma ko ni ban ji daɗin fitarta ba. Ya fita da rigar da alluranta, hannuwa a ɗage kamar mai tsallaka ruwa, ya ciro mazubin ƙasa ya juye a tire. Ya kai fuskarsa kusa, ya cire tabarau, ya mayar. "Duk iri ɗaya nake gani," in ji shi, muryarsa kamar ba tasa ba.

Na karɓi tiren na zauna a bakin ƙofa. Na ware su kashi uku yadda nake ware duwatsun ado, kore nan, ja nan, fari nan. Da na gama, me kuke tsammani ya yi? Sikeli ya ɗauko. Ya auna kowane kashi, ya rubuta. Farin buhun da zai ba kambu bai kai rabin abin da ke cikin mazubin ba.

Ranar bai je shagon agogo ba, bai ci abinci ba. Ya sauke kejin sama ya cika wa su Lebura kwano, ya zauna a kan bokiti yana kallon su suna ci. Da la'asar na kai masa shayi na ce, "Ka aika wa Shugaba ba ka da lafiya. Ko ka ce zomayen ne suka yi mura. Wa zai sani?"

Ya girgiza kai. "Ki cire min alluran nan ki ƙarasa rigar. Kuma ki nemi mayafinki, tare za mu."

Ajin ya cika maƙil ranar Asabar, manyan mutane sun matse a bencin yara gwiwa tana taɓa haɓa. Dogo yana layin gaba ya harɗe hannu, fuska a murtuke, kusa da shi wakilin kamfani da jakar takardu. An jingina buhu uku a jikin allo. Mijina ya manna kwalinsa, ya bi layukan da rula ɗaya bayan ɗaya: na sama kilo ɗaya da rabi, na tsakiya ɗaya da giram ɗari takwas, na ƙasa biyu da ɗari biyu. Masu farin buhu suka fara tafi. Dogo ya miƙe rabi, wakilin ya riƙe masa riga.

Sai mijina ya zaro jar takarda. Ya wuce koren buhu, ya wuce ja, ya wuce fari, ya manna ta a tsakiyar kwalinsa, ya danna da babban yatsa yadda ya saba.

"Wannan awon ya goce," in ji shi. "Sikeli bai yi ƙarya ba. Mai sikelin ne bai san abin da yake aunawa ba."

Ya ba su labarin tun daga zaren da ya saita mazubi da shi har zuwa danshi. Da ya zo kan danshi ajin ya fashe da dariya. Shugaba ya kifa kai a tebur yana dukan katako. Dogo, wanda ya zo da faɗan mako guda a bakinsa, ya rasa inda zai ajiye shi, sai ya shiga dariya yana share hawaye da hula. Mijina ya tsaya ƙyam a cikin sabuwar rigarsa ya bar su suka gama. Ni ina bencin baya ina kallonsa.

Da dariyar ta lafa, wani dattijo ya ɗaga hannu. "Baba Sikeli, nawa kejin ma a kan juna suke. Shekara biyu ina zagin jan buhu, shi nake ba na sama." Wani ya ce shi ma haka. Wata mata ta ce ita kullum tana share ƙwayoyi a ƙasa, ta ɗauka ɓera ne. Nan take aka manta da buhu aka koma kan mazubi: a yi masa murfi ne, ko a ƙara masa leɓe, ko a rataya shi a gefe? Duk tambayar shi ake jefa wa, yana amsa wadda ya sani, wadda bai sani ba ya ce sai an gwada. Har wakilin kamfani ya fito da biro.

"To wai wa ya gano?" in ji Dogo.

Mijina ya nuna bencin baya da rula. "Mai ɗakina. Tun mako na biyu ta yi magana. Na ce mata ido ba mudu ba ne, na hana ta ƙarasawa."

Ajin gaba ɗaya ya ƙarasa masa: "Amma ya san kima!"

Na ja mayafi na rufe fuska. Shekara arba'in da aure, ranar ce ta farko da ya ba ni gaskiya a gaban mutane, kuma sai da zomo ya shiga tsakani.

Da muka dawo gida ban jira ya tambaya ba. Na hau kujera na kwance igiyar shanya, na ɗebo ruwa na wanke layin alli. Shi kuma ya ɓare takardar ƙofar kicin, ya ninke ta huɗu ya jefa a kwandon shara.

Yanzu keji uku suna jere a ƙasa, kowane mazubi da murfinsa, da sababbin 'ya'ya goma sha biyu. Yadin mutane a bayan kujerun falo yake bushewa, wandonsa kuma yakan kwana biyu da laima, ya saka a haka bai ce uffan ba. Lebura an cire shi daga aikin gwaji, yana da kwalinsa a gindin kekena, ya riga ya cinye min tef ɗin awo ɗaya.

A sabon littafin akwai layi na ƙarshe da babu lamba a cikinsa. Kowace yamma in ya gama aune-aunensa, sai ya zo bakin tagata da biro a hannu ya ce, "Tela, me kika gani yau?" Sau da yawa ban ga komai ba. Amma nakan ƙarasa layin ɗinkin da nake kai tukuna, in yanke zare, in gyara zama, shi kuma yana tsaye yana jira.